Mazari da jemage dangin juna ne?

Malama Hadiza daga Damagaram ta aiko da tambaya: tunda mazari da jemage duk suna tashi suna cin sauro, shin dangin juna ne?

To Malama Hadiza, ba dangi ba ne. Mazari ƙwaro ne mai fukafukai 4. A ruwa yake zuba ƙwai, 'ya'yansa su girma a ruwan suna cin tsutsar sauro. Da rana yake farauta, da manyan idanunsa.

Jemage kuwa dabba ne, haihuwa yake yi ya shayar. Ƙaramin jemagen nan mai cin ƙwari da dare yake fita, ya yi ƙara, ƙarar ta bugi ƙwaro ta dawo kunnensa, ya cafke. Amma babban jemage mai rataya a bishiyoyin birnin Accra, 'ya'yan itatuwa ne abincinsa.