Noma Da Kiwo: Akawun Da Zai Koma Fadama

A bisa ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, wadda duk ta riga zuwa. Watau wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20, zai bar ofis yana da 55, da sauran ƙarfinsa, ga kuma yara ba su gama makaranta ba. In aka tambayi akawu ɗan ƙasar Wurno, ko Raba, ko Goronyo, abin da zai yi ran da ya yi ritaya, amsar ɗaya ce: "Sai gona." Maganar kuwa tana kan hanya, gama zaman gindin dalbejiya tun hantsi har la'asar ya fi aikin ofis saurin tsufar da mutum. Inda ake kuskure shi ne lokacin farawa.

Ga yadda abin yakan kasance. Malam ya jira garatuti, wanda sau da yawa sai an yi watanni kafin ya fito. Ran da kuɗi suka zo hannu, sai ya sayi injin ban-ruwa, ya kama hayar fadama mai faɗi, ya zuba 'yan ƙwadago, ya dasa albasa kaf. Shi bai san ƙasar ba, bai san ranar da shuka ke son ruwa ba. Albasa ta nuna wajen watan Maris, daidai lokacin da ta kowa ta nuna, kasuwa ta cika, dillali ya yi mata tayin wulaƙanci. Ba shi da wurin ajiya, dole ya sallama. Gumin shekara 35 ya tafi a rani guda.

To, wanda ke son kauce wa wannan sai ya fara tun da sauran shekara biyar, albashi na shigowa, yadda in an faɗi akwai abin tashi.

Aikin shekarar farko na ido ne. Ya nemi ɗan yanki, ko da rabin eka, aro ko haya, kusa da gonar wani ɗan'uwa da ya daɗe a sana'ar. Kada ya duba wurin da rani kaɗai. Ya je cikin Agusta da Satumba ya ga inda ruwa ke kaiwa. Mutanen Wurno da Goronyo a kan gulbin Rima suke, na Raba a kan gulbin Sakkwato, kuma tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984, wadda ke ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, hawa da saukar Rima ya danganta da buɗe ƙofofinta, ba da sama kaɗai ba. Kowa ya tuna ambaliyar Satumba ta 2010, da ta ci gonaki da garuruwa. Fadamar da ake bayarwa da araha, lalle akwai dalili. A tambayi tsofaffin wurin. Haka kuma a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, ƙaramar gona kusa da gari ta fi babba a lungu.

Daga shekara ta biyu sai shuka. Albasa akan yafa irinta a ƙarshen damina, in ya yi kamar mako shida a cire a dasa a fangali. Tafarnuwa, wadda aka san Wurno da Goronyo da ita, tana son sanyin hunturu, saboda haka akan shuka ta wajen Nuwamba, ta yi wata huɗu ko fiye. Alkama ma haka, in ta wuce farkon Disamba zafi zai riske ta. Mai shekaru ya fi kyau ya ba tafarnuwa kaso mai yawa, don ta fi albasa jimirin ajiya, ba ta tilasta wa mai ita sayarwa. Albasar kuwa a bari wuyanta ya kwanta, a janye mata ruwa kafin cira, a shanya a inuwa, sa'an nan a zuba a rudu mai shan iska, ana tsince ruɓaɓɓu. Ribarta tana cikin damina, sa'ad da ta yi wuya a kasuwa.

Akwai abu guda da akawu ya fi manomin gado, shi ne alƙalami. Wanda ya shekara talatin yana riƙe wa gwamnati littafi, abin kunya ne ya kasa riƙe wa kansa. Ya rubuta kuɗin iri, da taki, da man inji, da ƙwadago, da buhu, da na mota zuwa kasuwa, har da lada na dillali. Rani uku na irin wannan lissafi zai gaya masa ko ya ƙara fili ko ya tsaya, tun kafin garatuti ya zo. In ya zo, a raba shi: kashi ɗaya gona, sauran a killace, domin fadama takan ci amanar gwani ma.

Jiki kuma ba kullum zai yarda da rana ba. Tun yanzu a ɗaure 'yan tumaki da jajayen awakin Sakkwato a bayan gida. Harawa da karan gona su ci, takinsu ya koma fangali, ragon da aka turke wata huɗu kafin Layya ya biya kuɗin makarantar yara. Wannan aiki ne da uwargida ma ke da hannu a ciki, don haka a yi shawara da ita tun kafin a sayo dabbar farko, a kuma yanke tun ranar wa ke da wace.