Darasi na 12: Fim Daban, Duniya Daban

Da can a majigi mutanen ƙauye suke kallon fim. Yau muna kallonsa a talabijin da waya. Mukan ga an harbi mutum, ya tashi sama ya faɗa can baya. Mukan ga jarumi ya diro daga kan bene, ya karkaɗe rigarsa ya wuce. Shin haka abin yake? Bari mu duba.

Mu fara da bindiga. Kowane maharbi ya san in ya harba adaka, gindinta yakan doki kafaɗarsa. Wani masani mutumin Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dalilin a littafinsa na shekarar 1687. Duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Saboda haka turin da harsashi ya tafi da shi bai fi wanda ya komo kafaɗar maharbi ba. Da harsashi yana iya jefa ƙato sama, da mai harbin ma ya kife.

Ga lissafi. Harsashin bindigar AK-47 nauyinsa kamar giram 8 ne, yana gudun kamar mita 700 a sakan ɗaya. In ya sami mutum mai nauyin kilo 70, turin da zai yi masa kamar tsawon yatsa ne a sakan ɗaya. Huda jiki yake yi, shi ya sa yake kisa. Masu fim kuwa igiya suke ɗaura wa ɗan wasa a ƙarƙashin riga, su fizge shi baya.

To, sai maganar dirowa. Mu gwada da ƙwai. Mutum biyu su riƙe zane sako-sako, wani ya jefa ƙwai a tsakiyarsa. Ba zai fashe ba. A jefa wani a bango, nan take sai ya tarwatse. Gudun ɗaya ne. Amma zane a hankali ya tsai da ƙwan, bango kuwa farat ɗaya. Tsayawa farat ɗaya ita ce take yin ɓarna.

Wanda ya faɗo daga bishiya mai tsawon mita 5, sakan ɗaya ya ishe shi isowa ƙasa. Yana isowa da gudun kamar kilomita 36 a awa, wato gudun babur. Shi ne ƙwan, ƙasa ita ce bangon. Masu fim sukan jibge katifu da kwalaye inda ɗan wasa zai faɗa, amma ba su nuna mana. Duk da haka wasunsu sukan karye.

Jama'a, yaranmu suna kallo, suna kuma kwaikwayo. Mu zaunar da su, mu yi musu gwajin ƙwai. Mu ma manya kada mu diro daga mota tana tafiya. In za mu hau babur, mu sa hular kwano, gama sosonta shi ne zanen da zai tare kanmu. Jiki magayi ne, amma gara kunne ya riga shi ji.

Tambayoyi

1. Me ya sa adaka take dukan kafaɗar maharbi?
2. Me ya hana ƙwai fashewa a zane?
3. Me masu fim suke ɓoye mana?