Daga Ramin Dutse na Kalambaina Zuwa Ƙololuwar Everest: Darasi Kan Hawan Tsauni

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya bi hanyar Kalambaina, abin da zai tarar shi ne dogayen gine-ginen kamfanin siminti, da manyan motoci a jere suna jiran lodi, da farar ƙura a kan ganyen itatuwa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta daga matakin teku kimanin mita 300 ne kawai, babu wani tudu da za a kira tsauni. Saboda haka ɗalibin Sakkwato yana iya ɗaukar hawan tsauni a matsayin wasan Turawa, wanda babu abin da ya haɗa shi da shi. Amma kuwa dutsen da ake haƙa a Kalambaina ɗan'uwan dutsen da ke kan ƙololuwar Everest ne, watau tsauni mafi tsawo a duniya. Dukansu dutsen farar ƙasa ne, kuma dukansu a ƙarƙashin teku suka samu.

Tekun da ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato

Masana ilmin ƙasa da duwatsu sun gano cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. Halittu masu kwanso suka yi ta rayuwa a cikinsa suna mutuwa, kwansonsu yana taruwa a ƙasa, har ya danƙare ya zama dutse. Wannan shimfiɗar dutse ita ce masana suka laƙaba wa sunan Kalambaina, kuma da wannan suna aka san ta a littattafan kimiyya na duniya. Cikin waɗanda suka yi nazarinta sosai akwai Farfesa Cornelius Kogbe, a shekarun 1970. Har yau mai lura yana iya tsintar kwanson katantanwa da na wasu halittun teku da suka koma dutse a cikinta. Tun 1967 ake ƙona wannan dutse ana yin siminti da shi a Kalambaina.

Dutsen ƙololuwar Everest ya girme shi nesa ba kusa ba, domin ya haura shekara miliyan 450, shi ma ɗauke da ɓurɓushin halittun teku. To, me ya kai gindin teku sama har mita 8,849? Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Faifai-faifai ne masu motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Faifan da ke ɗauke da Indiya ya yi ta gusawa arewa har ya yi karo da na Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, sai ƙasar da ke tsakaninsu ta tattare ta tashi sama, kamar yadda tabarma kan tattare idan an tura ta jikin bango. Haka tsaunukan Himalaya suka samu. Tsaunukan Alps na Turai kuwa, turin da faifan Afirka ya yi wa na Turai ne ya ɗaga su. Ƙasar Sakkwato tana nesa da bakin faifai, babu abin da ya matse ta, shi ya sa dutsenta ya zauna a kwance inda teku ya bar shi.

Masana ne suka fara

Da farko ba neman suna ne ya kai mutane kan tsaunuka ba, neman sani ne. A 1648, masanin nan Bafaranshe, Blaise Pascal, ya so ya tabbatar cewa iska tana da nauyi. Ya roƙi mijin 'yar'uwarsa, Florin Périer, ya ɗauki ma'aunin nauyin iska, watau bututun gilashi mai zaiba a ciki, ya hau dutsen Puy de Dôme da shi. Da Périer ya kai sama, sai ya ga zaibar ta sauka da fiye da santimita 8. Ma'anar wannan ita ce, mutum yana zaune ne a ƙarƙashin tarin iska, kuma gwargwadon hawansa, gwargwadon raguwar iskar da ke danne shi.

A 1760 wani masani na birnin Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a Alps, mai mita 4,800 da ɗoriya. Sai bayan shekara 26 aka samu masu cin ladan: ranar 8 ga Agusta, 1786, wani likita, Michel-Gabriel Paccard, da wani mafarauci, Jacques Balmat, suka kai ƙololuwa. Da shekara ta kewayo, de Saussure ya hau da kansa tare da 'yan rakiya 18, ya yi awa huɗu da rabi a can yana aune-aune, har da tafasa ruwa, yana haki kamar wanda aka koro.

Abin da tsawo ke yi wa jiki

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, har a tsakanin malamai, na cewa wai kason iskar oksijin yana raguwa a kan tsauni. Ba haka ba ne. A Kalambaina da ƙololuwar Everest duk kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ne. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar baki ɗaya. A bakin teku nauyin iska yana ɗaga zaiba milimita 760. A Sakkwato ya ɗan gaza haka kaɗan. A tsayin mita 5,500 ya koma rabi. A 1981 ayarin likitocin Amurka ƙarƙashin John West suka auna shi a ƙololuwar Everest, suka samu milimita 253, watau sulusi. Ke nan mai hawa yana cika huhunsa kamar kullum, amma abin da ya shaƙa kashi ɗaya ne cikin uku na abin da ya saba, kuma babu isasshen ƙarfin da zai tura oksijin ɗin cikin jini.

Jiki ba ya zama haka kawai. Nan take numfashi kan ƙaru, zuciya ta shiga bugawa da sauri. Bayan haka ƙoda kan saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne 'yan dakon oksijin. Sai dai wannan aiki yana ɗaukar kwanaki, har makonni, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗawa cikin wahala. Wanda ya hau da sauri ya wuce mita 2,500 yana iya kamuwa da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Idan ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhunsa, ya riƙa haki ko yana zaune, ko kuma ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi yana sambatu. Waɗannan biyun suna kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan da nan, ko da dare ne. Likitoci sun ba da ƙa'ida cewa, daga mita 3,000 zuwa sama, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Abin mamaki, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo. Sau da yawa ma saurayi mai ji da ƙarfi shi ne kan fara faɗuwa, domin shi ne ba ya yarda ya tafi a hankali.

Wani abu da ya shafi ƙasar nan kai tsaye shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. Ƙarancin oksijin ne ke sa ƙwayoyin jinin mai wannan lalura su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, don haka wuri mai tsawo haɗari ne gare shi. Ko mai rukunin jini AS, wanda lafiyarsa ƙalau a gida, an sha samun wanda saifarsa ta kamu da ciwo mai tsanani bayan ya hau tsauni da gaggawa. Wajibi ne duk malamin da zai kai ɗalibai yawon ilmi wuri mai tsawo ya san rukunin jinin kowane yaro, ya kuma nemi shawarar likita kafin a tashi.

Ga kuma sanyi. A ƙiyasi, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Ranar da zafi ya kai digiri 40 a Sakkwato cikin watan Afrilu, da a ce akwai tsauni mai tsayin Kilimanjaro a Kalambaina, da ma'aunin zafi a kansa bai wuce digiri 4 ba. Wannan lissafi ne ya gagari wasu masanan Landan, lokacin da Johannes Rebmann ya ba da labarin ƙanƙarar da ya gani a kan Kilimanjaro a 1848. Suka ƙaryata shi, wai ƙanƙara ba ta zama a tsakiyar Afirka. Hatta girki yana canzawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a kusan 99 a Sakkwato, amma a ƙololuwar Everest da ya kai digiri 70 da 'yan kai sai ya tafasa. Tukunya tana ta zaɓaɓɓaka, wake kuwa yana nan da taurinsa.

Igiya ɗaya, rai da yawa

Masu hawa kan ɗaure junansu da igiya guda, domin idan ɗaya ya zame sauran su riƙe shi. Igiyar da ke ceto kuma ita ce kan janyo kowa. Ranar 14 ga Yuli, 1865, Edward Whymper da mutum shida suka zama na farko da suka hau Matterhorn, mai mita 4,478, a kan iyakar Siwizalan da Italiya. Wajen saukowa, mafi ƙarancin ƙwarewa a cikinsu ya zame, ya fizgo mutum uku, igiya ta tsinke, su huɗun suka faɗa suka mutu. An gano daga baya cewa igiyar da ta tsinke ita ce mafi rauni cikin waɗanda suka tafi da su. Tana nan ajiye a gidan tarihi na garin Zermatt.

Irin wannan hasara ce ta koya wa masu hawa cewa abin da mutum ɗaya ya gani dole ya isa ga na bayansa. Ƙungiyar masu hawan tsauni ta farko an kafa ta a Landan a 1857, kuma babban aikinta shi ne rubuta hanyoyi da haɗurra da kurakurai. A kan irin wannan tarin sani, na ayari bayan ayari tun 1921, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka har suka kai ƙololuwar Everest ranar 29 ga Mayu, 1953, da tukwanen oksijin a bayansu. A 1978 Reinhold Messner da Peter Habeler suka hau ba tare da tukwanen ba, abin da likitoci da dama suka ɗauka ba zai yiwu ba. Wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Elizabeth Hawley, ta shafe fiye da shekara 50 a Katmandu tana yi wa ayarori tambayoyi tana rubutawa, ita kuwa ba ta taɓa hawa ba. Kafin rasuwarta a 2018 an riga an zuba kundinta a kwamfuta, kowa yana iya dubawa. A yau mai hawa yana karɓar hasashen yanayi ta tauraron ɗan'adam yana cikin tantinsa.

Duk da haka, nauyin aikin yana kan mutanen wurin, musamman 'yan ƙabilar Sherpa na Nepal, masu kafa igiyoyi da tsani da ɗaukar kaya, waɗanda ba kasafai ake jin sunayensu ba. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zabtaro ta kashe 16 daga cikin waɗannan ma'aikata a safiya ɗaya. Wani ɗan ƙabilar Sherpa, Kami Rita, ya kai ƙololuwa karo na 31 a watan Mayun 2025. Daga Afirka kuwa, Sibusiso Vilane na Afirka ta Kudu ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya hau Everest a 2003, sai Saray Khumalo ta zama mace ta farko cikinsu a 2019.

Ba sai an je Asiya ba. Tsauni mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, mai mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru. Duwatsun Shere kusa da Jos sun haura mita 1,800. A Nijar akwai dutsen Bagzam a ƙasar Azbin, mai mita 2,022. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, ba ya bukatar igiya ko gatarin ƙanƙara. Da ƙafa ake hawansa, kuma wannan sauƙi ne ke ruɗin mutane su nemi gamawa cikin kwana biyar, ciwon tsauni ya juyo da su.

Aikin aji

Malami yana iya samo ɗan guntun dutsen farar ƙasa daga yankin Kalambaina, ba tare da an shiga ramin haƙa ba, domin wurin aiki ne mai haɗari. A kankare dutsen ya yi gari, a ɗiga masa ruwan lemun tsami. Kumfar da za ta taso iskar kabon-dayoksaid ce, alamar cewa dutsen farar ƙasa ne. Guntun dutsen ƙololuwar Everest ma haka zai yi. Sa'an nan a tafasa ruwa a auna zafinsa, a rubuta wa wata makaranta a Jos ko a Gembu, can kan tudun Mambila, a roƙe su su yi irin wannan awo su aiko da sakamako. Tun da kowace mita 300 tana rage zafin tafasa da kimanin digiri ɗaya, ɗalibai su lissafa tazarar tsayin da ke tsakanin makarantun biyu, su kwatanta amsarsu da abin da ke cikin taswira.