Tafkunan Yatsu: Darasin Labarin Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani darasi da na shirya domin aji na bakwai. A jihar Niyok ta Amurka akwai tafkuna goma sha ɗaya, dogaye, sirara, sun miƙe daga arewa zuwa kudu. Turawa suna ce da su Finger Lakes, watau Tafkunan Yatsu. Baƙi su kan je can domin kallon ƙasa, da shiga kwalekwale, da ɗanɗana ruwan inabi. Abin da na ke so yara su gane shi ne, duka ukun nan asalinsu ɗaya.

A zamanin da, ƙanƙara mai kauri ta gangaro daga arewa, ta bi kwarin koguna tana ƙwaƙule su. Da ta narke, fiye da shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwa ya cika ramukan. Saboda haka Tafkin Seneka, mai tsawon mil 38, zurfinsa ya kai ƙafa 618.

Ƙananan rafuka kuwa aka bar su can bisa, dole su zubo daga kan dutse. Kusa da Tafkin Kayuga, a Taughannock, ruwa yana faɗowa ƙafa 215, ya fi na Nayagara tsawo. A Watkins Glen mai yawo zai hau matakala fiye da 800, ya wuce mazubar ruwa 19.

To, ina ruwan inabi da ƙanƙara? Hunturun ƙasar mai tsanani ne, dare ɗaya ya kan kashe kuringa, manomi ya yi hasarar shekara. Amma ruwa mai zurfi yana riƙe zafin rani, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, har da wuya Seneka ya daskare. Gonakin da ke gangaren tafki su ke cin moriyar ɗumin nan. Dakta Konstantin Frank, mutumin Yukren, ya ɗaura inabin Turai a kan saiwa mai jure sanyi, ya kafa gidan yin ruwan inabi a bakin Tafkin Keuka a 1962.

Kada mu ba yara sunaye kawai su haddace. Ni dai zan sa tulun ruwa da faranti mai ruwa kaɗan a rana tun safe. Bayan magariba 'yan kwana su taɓa, su faɗi wanda ya riga hucewa. Sa'an nan in tambaye su: in kai ne manomi, a gefen wanne za ka dasa kuringarka?