Me Ke Hana Jirgi Mai Saukar Ungulu Nutsewa?

Malam mai sauraronmu daga Fatakwal, ka tambayi abin da ke tallafar jirgi mai saukar ungulu in ya faɗa teku. Wasu jakunkunan roba ne a naɗe a gefensa, waɗanda iskar gas daga tukwane ke kumbura su cikin 'yan daƙiƙu. Jirgin nan nauyinsa a sama yake, inda inji da farfela suke, shi ya sa da ya taɓa ruwa sai ya nemi kifewa.

A watan Maris na 2018, wani jirgi ya faɗa kogin East River a birnin New York. Tukunya ɗaya ce ta buɗe, jakunkunan suka cika a karkace, jirgin ya kife, fasinjoji biyar suka rasu ɗaure da ɗamarar da suka kasa kwancewa. Allah Ya kiyaye.

Tun 2014 hukumar jiragen saman Birtaniya ta hana kai ma'aikatan mai teku idan igiyar ruwa ta yi tsanani, ta kuma wajabta musu na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa. Malam, in aikinka na kai ka teku, ka riƙi horon fita daga jirgin da ya kife da muhimmanci.