Aikin Jakadan Ingila a Amurka

In yara suka tambaye ka amfanin jakada, ba su labarin Lord Lyons, wakilin Ingila a Washinton. A 1861, ana cikin yaƙin basasar Amurka, jirgin gwamnati ya tare jirgin Ingila mai suna Trent, ya kama manzanni 2 na 'yan tawaye. Ingila ta hasala, ta aiko takarda: a sake su, amsa cikin kwana 7. Lyons bai yi garajen miƙa ta ba. Ya fara tsegunta wa Seward, ministan harkokin waje, don su sami sararin shawara. Aka saki mutanen, ba a gwabza ba. Kuma a lokacin Lyons ba cikakken jakada ba ne. Sai 1893 aka fara ba Pauncefote wannan muƙami.