Amsoshin Tambayoyinku: Folda Nawa Zan Buɗe A Imel Ɗina?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne. Akwatin Gmail ɗina ya cika maƙil, saƙonnin banki da na aiki da tallace-tallace duk sun cakuɗe. Kwanaki aka gayyace ni wani taro, sai da aka watse na ga saƙon. An ce in riƙa rarraba su a folda. Guda nawa zan buɗe, kuma ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Kada su wuce huɗu ko biyar: Aiki, Kuɗi, Iyali, sai Takardu, inda za ka adana irin su shaidar biyan kuɗi da wasiƙar ɗaukar aiki. Mutane da yawa in himma ta motsa sai su buɗe ashirin a dare ɗaya, ba a jima ba sun watsar, domin kowane saƙo ya shigo sai an tsaya ana tunanin inda ya dace. Rasidin kuɗin makarantar ɗanka, na Kuɗi ne ko na Iyali?

A nan ka yi dace. Tun da Google ya fito da Gmail a 2004, lakabi yake liƙa wa saƙo, ba folda irin ta Outlook ko Yahoo ba. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar lakabi biyu ko uku ba tare da an kwafe shi ba, don haka rasidin nan sai ka ba shi duka biyun.

Amma rarrabawa da hannu wahala ce, ka bar wa na'ura. Ka hau kwamfuta, domin manhajar waya ba ta yin wannan aikin. Buɗe saƙon banki guda ɗaya, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi "Filter messages like these", sannan "Create filter". Ka sa alama a "Skip the Inbox" da "Apply the label", ka zaɓi Kuɗi. Akwai wani ɗan akwati can ƙasa da zai haɗa har da tsofaffin saƙonnin, kada ka tsallake shi. Daga ranar, duk alat ɗin da ya zo kai tsaye zai wuce mazauninsa. Sai dai ban ba ka shawarar yi wa saƙonnin aiki haka ba. Su ka liƙa musu lakabi kawai, ka bar su a gaban idonka, in ba haka ba wata gayyatar ma za ta wuce ka.

Dubban tsofaffin da suka taru kuwa, kada ka ɓata lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. Zaɓe su duka ka danna "Archive". Ba a goge su ba, suna nan cikin "All Mail", kuma da ka rubuta sunan mai aikowa a wajen bincike za su fito.

Abu ɗaya da folda ba ta yi shi ne ƙara wuri. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. In ya kusa cika, rubuta larger:10M a wajen bincike, ka goge manyan da ba ka buƙata. Kuma ka riƙa leƙa "Spam" ko da sau ɗaya a mako, Malam, domin abin da ya kwana 30 a can Gmail yana goge shi da kansa.